A Nemo Mini Gwaggo Ethel

Nairobi, 14 ga Yuli, 1989

Maman Albert,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Yaya yara, yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sai ɗan tari saboda sanyi, kada ki damu. Helenanci dai na ba ni wuya a makarantar tauhidin nan, sa'o'in Albert suna wuce ni a aji.

Ba wannan ne ya dame ni ba. Kin tuna Gwaggo Ethel, wadda na hana cin Jibin Ubangiji, na ce zunubinta ne ya makantar da ɗanta? Makon jiya malaminmu ya bi da mu ayoyin da na kafa hujja da su. Ashe ba haka suke nufi ba. Shekara tara ina wa'azi da ƙarfin murya, ba wanda ya taɓa karantar da ni.

Na ji ta koma wurin danginta a Ƙofar Gayan, cikin Zariya. Don Allah ki shiga birni ki nemo ta, ki durƙusa a madadina. Saura shekara biyu in dawo, ita kuwa ta tsufa.

Allah ya tsare ku.

Mijinki,
Malachi