Ashe Hadda Mansura Take Yi

Zuwa ga Yayata Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Malam Dalhatu da yara, da kuma zaman Agege. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan Bunkure lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita barka. Shinkafa ta fara nuna, ruwan kanal da muke ban ruwa da shi kuma bai yi mana gardama ba bana.

Yaya, kin sha kirana ina kame-kame. Maganar ce bakina ba zai iya faɗa a waya ba, shi ya sa na ba Bilya direba wannan takarda. A kan 'yarki Mansura ne, amanar da kika bar min. Tun farkon zangon nan aka kawo sabon tsari a duk firamaren ƙaramar hukumarmu. An kai malamai bita, an gwada kowane yaro shi kaɗai, kuma kullum da safe ana zaunar da su karatu gwargwadon abin da suka iya, ba ajin da suke ba. Sai ga Mansura, 'yar aji shida, an haɗa ta da masu koyon baƙaƙe.

Kin san ni da saurin hawa. Ranar taron iyaye da malamai na miƙe na ce an wulaƙanta gidanmu, domin yarinyar nan kullum tana karanta mana littafinta tiryan-tiryan a tsakar gida. Malamarsu, Malama Kubra, ta roƙe ni in bari a tashi mu yi magana mu biyu. Na ƙi. Na sa aka kira Mansura gaban jama'a, ta ɗauki littafin ajinsu ta zuba kamar ruwa, ni kuwa ina ta waige-waige ina hura hanci. Don in rufe bakin kowa, sai na zaro katin ɗaurin aure daga aljihuna na miƙa mata. Yaya, ta ɗora yatsa a kan kalmar farko, yatsan bai motsa ba. Sai hawaye. Ashe hadda take yi, abin da aji ke maimaitawa da baki shi ta riƙe. Da ƙasa za ta tsage a ranar, da na shige.

Ni na san inda karatun ya tafi. Noman ruwa ba shi da hutu. In ba korar tsuntsaye a shinkafa ba, to tsinkar tumatir, kuma ni nake cewa ta bari sai gobe ta je makaranta. Na hana ta karatu, na kuma zo na tona mata asiri da hannuna. Ta daina zuwa makaranta, ko ido ba ta haɗawa da ni, sai da Malama Kubra ta tako har gida ta lallashe ta, ta ce mata ba ita kaɗai ba ce. Yanzu ta koma, ni ne nake kaɗa wa tsuntsaye gwangwani a gona, abokaina suna min tsiya.

Malaman sun ba da shawarar kada ta zauna jarrabawar shiga sakandare bana, ta maimaita aji. Na san ba haka muka yi da ke ba, kuma ba ni da fuskar roƙo. Duk da haka ina roƙonki ki bar min ita shekara guda in gyara ɓarnata. In kuwa kin ce a turo miki ita, ba zan ga laifinki ba.

Ki gaida Malam Dalhatu da Salim da Ummukulsum. Inna da matata Binta suna gaishe ki. Sunan da za ki gani ƙarƙashin nawa, a karkace, Mansura ce ta rubuta. Ta daɗe a kansa, ba wanda ya kama mata hannu. Wannan kam ba hadda ba ce.

Ƙaninki mai neman afuwa,
Ɗanladi

Mansura