Da'awa Ta Bakwai Ta Surukina

Gwaggo Zinariya,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, ni dai kaina ya tsaya. Ba kuka nake yi ba, barci ma ina yi. Ina cin tuwo, ina zuwa masallaci, ina amsa gaisuwa. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan ma, don ya kamata a ce abin ya dame ni fiye da haka.

Ni mutumin Daura ne, amma a Ikko nake aiki, a ofishin da ake rajistar haƙƙin ƙirƙira. Wato idan mutum ya ƙago wata na'ura ko wata dabara, sai ya kawo takarda ya jera da'awowinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce kaza da kaza ni na fara, kada kowa ya taɓa sai da izinina. Da kuɗin mai suka shigo, aka tura mu Turai mu koyi binciken irin waɗannan da'awowi, ni aka jefa ni sashen hoton talbijin. Wani dattijon Bature ya yi ta koya mini abu guda: ka karanta da'awa kamar ba ka san mai ita ba, ka tono tsofaffin takardu, idan wani ya riga shi, ko shi da kansa ya baza maganar a fili kafin ya kawo, ka ja jan layi ka wuce. Na iya aikin, ba yabon kai ba. Da na dawo gida sai na tarar dokarmu ba ta ce a yi wannan tonon ba. Cikar takardu kawai ake dubawa, a buga hatimi. To hatimin nake ta bugawa har yau. Ban yi fushi ba. Na dai daina jin komai game da aikin, daga baya kuma abin ya biyo ni har gida.

Yanzu ga maganar. Surukina, mahaifin matata Laraba (ba sunanta ke nan ba), tsohon injiniyan gidan waya ne. Nasa sunan ko a takarda ba na iya rubutawa, Baba nake ce masa. Ya ƙare ƙuruciyarsa a kan layin tarho tsakanin Daura da Baure da Mashi. Shi ya fara koya mini haɗa rediyo ina yaro, tun ba a yi tunanin zan auri 'yarsa ba. Da ya yi ritaya, matarsa Inna kuma ta rasu, sai ya shige shagon da ke jikin zaurensa da littattafan da yake sayowa daga waje, ya sa kansa wani aiki: yadda za a matse hoton talbijin ya bi ta siririyar wayar tarho, a can kuma a warware shi ya dawo hoto.

Kada ki ce na ɗaure miki kai, abin ba wuya. Hoton talbijin hotuna ne tsayayyu masu yawa da ke bin juna da sauri. Idan mutum yana karanta labarai, bakinsa ne ke motsi, bangon bayansa yana nan yadda yake. To me zai sa a yi ta aika bangon? Sai a aika abin da ya canza kawai, akwatin da ke karɓa ya riƙe tsohon hoton ya yi masa faci. Wannan shi ne gindin tunanin Baba, kuma shi kaɗai ya kai kansa wurin, a ɗakin da sai an ta da janareto ake samun wuta.

Na zo hutu gida, sai ya aiko Laraba da takardun a naɗe cikin sabon ƙyalle. Bai ba ni hannu da hannu ba, kin san yadda muke. Tun da aka ɗaura aurena ban zauna tabarma ɗaya da shi ba. Ina durƙusawa daga bakin zaure, kaina a ƙasa, in gaishe shi, ya sa mini albarka, in tashi.

Na zauna da hantsi na karanta. Da'awa bakwai ce. Ta farko zuwa ta shida duk na san su, an riga shi da shekaru, wasu ma da hannuna na juya takardunsu a Turai. Hannuna ya yi ta jan layi a kan wata farar takarda da na ajiye a gefe, kamar na wani baƙo nake dubawa. Sai ta bakwai. Baba ya san layukan daji, ya san yadda waya ke ƙara idan hadari ya taso. Ya ce idan faci ɗaya ya lalace a hanya, duk facin da ya biyo baya a kan ɓarna zai hau. Don haka ya tsara wata hanya ta aika wani siririn tsagi na hoton a cike tare da kowane faci, bi da bi, kamar mai yaɓen katanga sashi-sashi, kuma inda layin ya fi ƙara a fi yawaita yaɓen, hoton ya warke da kansa. A iya abin da na sani, ban ga wanda ya tsara ta haka ba.

A ƙarƙashin takardun kuma ya haɗo mini da wata mujalla ta ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan waya, ta shekarar bara waccan. Ya buga da'awa ta bakwai ɗin nan a ciki kaf, har da zane. Ya kuma yi lacca a kanta gaban ɗaliban wata kwaleji. Don alfahari ya haɗo, in ga an buga sunansa. A wurinsa wanda Allah ya buɗa wa ilimi ba ya rufe shi a akwati, kuma haka duk malaman garinmu suka koya mana. A aikin da aka koya mini kuwa, wanda ya baza ya kashe da'awarsa. Na ja layi na bakwai, na tashi na yi alwalar azahar.

Da na je gaishe shi ya tambaya, ba tare da ya dube ni ba, ko na ga saƙon. Na ce na gani, Allah ya ƙara basira. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan a gabansa. Yanzu ya ba da ɗinkin sabuwar babbar riga, ya gaya wa abokansa na majalisa zai bi ni Ikko idan hutuna ya ƙare. Idan ya kai, za a buga masa hatimi, don takardunsa a cike suke. Daga nan ya ce zai rubuta wa kamfanonin waje. Can kuwa akwai irina, masu jan biro, kuma su ba surukansa ba ne.

Na gaya wa Laraba komai. Ta ce in bar tsoho da farin cikinsa, tun rasuwar Inna bai ci abinci kamar yadda yake ci yanzu ba. Ta ce Ikko ta cinye mini zuciya. Ban yi mata gardama ba, don na laluba ni ma ban ji komai a wurin ba. In yi shiru a buga masa hatimin, ko in faɗa? In kuma faɗar ce, da wane baki?

Naki,
Mai Jan Biro, Daura

*

Ɗana Mai Jan Biro,

Wa alaikumus salam. Bari in fara da zuciyar da aka ce an cinye. Wanda ba ya jin komai ba ya cika mini takarda gaba da baya a kan babbar rigar wani tsoho. An koya maka aiki mai daraja, aka hana ka yin sa, jikinka ya yi sanyi. Wannan gajiya ce, kuma tana warkewa. Idan ta daɗe har bayan wannan lamari, ka samu wani babba da ka yarda da shi ko likita ka yi masa bayani.

Laraba ba ta yi laifi ba. Ita ce ke ganin kwanon mahaifinta yana dawowa a cike ko wayam, kuma tsoronta gaskiya ne. Kada ka yi komai a bayan idonta. Amma ka nuna mata cewa shirun nan ba zai tsare shi ba, jinkirta masa ciwon kawai zai yi. Gara ya ji a shagonsa daga bakin wanda ke ganin girmansa, da ya ji a wasiƙar baƙo bayan ya zagaya da takarda mai hatimi gidan abokai.

Batun baki kuwa, kunyar surukuta aba ce mai kyau, ban ce ka zubar ba. Sai dai kafin ka zama surukinsa ɗalibinsa ne kai. Ka sa Laraba ta nema maka izini, ta ce ɗalibinsa na son zama da malaminsa a kan aiki. Idan nauyin ya yi maka yawa, ka roƙi amininsa ɗaya ya zauna tsakani. Ka yi haka kafin tela ya gama rigar.

Kada ka shiga da hukunci. Injiniya ne, ka kai masa bayanin waɗanda suka riga shi, ya karanta da kansa, ya ga irin mutanen da tunaninsa ya yi daidai da nasu. Ni ba lauya ba ce, don haka ka sa wani masanin ya sake duba batun mujallar, kai kuma ka cire hannunka daga fayil ɗinsa a ofis. Idan bayan ya san komai ya ce yana son rajistar, haƙƙinsa ne. Ka kuma taimaka masa ya rubuta dabarar da kyau, da sunansa da shekarar da ya fara bugawa, a aika wa masana.

Abu ɗaya nake roƙonka: ka fara da ta bakwai. Na ga ka tsaya kana ƙirga layukan da ka ja, ka manta da babban labarin da ke hannunka. Mutumin nan ya zauna a Daura shi kaɗai ya gano abin da kai, da duk tononka, ba ka ga wanda ya riga shi ba. Hatimi ba zai gaya masa haka ba, don hatimi kowa ake buga wa. Kai kaɗai ne a garinku ka san darajar abin, kuma in ka yi shiru zai koma ga Allah bai taɓa ji ba.

Allah ya buɗe maka baki, ya sanyaya zuciyar Laraba, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Gwaggonka,
Zinariya