Faifan Maciji da Motar Baba

Gusau,
20 ga Oktoba, 1957.

Zuwa ga Yayana Uwaisu, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Aishatu da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a fataucin goro, ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya shiga rumbu a Nahuce, maigidana Manu ma yana lafiya. Kada ka yi dariyar rubutun nan da ke hawa tudu yana gangarawa. Hannuna ne, shekara biyu ke nan ina zuwa ajin Yaƙi da Jahilci, kuma labarin da zan ba ka ba wanda zan sa a bakin mai rubutun kasuwa ba ne.

Ka san tun rasuwar Inna hankalin Baba ya fara yin nisa. Bana abin ya ƙaru, har wata rana ya tambaye ni ɗiyar wa ce. Sai kuma gyambo ya fito masa a ƙafar hagu, ya ƙi jin magani. Malamin asibitin Bungudu ya ce in ba a kai shi babban asibiti a Gusau da wuri ba, ƙafar sai yankewa. Muka samo babbar mota har ƙofar gida, amma Baba ya rungume ƙyauren zaure, ya ce shi Dogo direba ba ya shiga motar kowa sai tasa. Ƙato uku suka taso za su ɗauke shi, ya fashe da kuka. Yaya, wa zai iya tsayawa ana jan ubansa yana kuka? Na ce su sake shi.

Motar da yake nufi ka san ta, baƙar Fod ɗin nan da ya jingine a gindin tsamiya tun lokacin yaƙi da taya ta yi wuya. Kaji sun yi shekara goma sha huɗu suna ƙwai a kujerar baya. Autanmu Lawwali, da kake kira mai hannun ɓarna, yanzu cikakken bakanike ne, kuma shi ya ce a bar shi da ita. Ya sa shanu suka ja ta zuwa bakin hanya, aka kawo ta garejinsu. Mako uku yana kwance a ƙarƙashinta. Ranar da ya murɗa ƙarfen tayarwa ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama ruri. Muryar nan ce da muke ji tun daga nesa mu ruga tarye muna yara. Abu ɗaya ya rage: allunan lambarta sun daɗe da ɓacewa, don haka ya ari lambar gareji ya ɗaura.

Da aka kai ta Nahuce, Baba ya fito yana dogara sanda. Ya shafa ƙofa, ya shinshina kujera, muna ta murna. Sai ya zagaya baya, ya duba lambar, ya girgiza kai. Ya ce wannan ba tasa ba ce, an yi mata tsagar wani gida, kuma shi bai taɓa ɗaukar abin mutane ba. Ya koma ɗaki ya kwanta. Tsohon doki sai mai shi! Muka lallaɓa shi ya faɗi lambar, ya ba mu uku daban-daban kafin azahar. Lawwali ya je ofishin da ake ba da lamba, akawu ya ce littattafansu bisa lamba suke tafiya: a kawo lamba ya nemo mota, in ba haka ba sai dai a ba ta sabuwa. Ga shi ƙafa ta kumbura har gwiwa, ta fara wari. Na yi kuka a makon nan har na gaji.

Ana cikin haka Inna Saude, ƙanwar Innarmu, ta zo dubiya daga Tsafe. Ta ji abin da ake ciki, ta riƙe haɓa, ta ce ashe bokon namu na banza ne. Ta ce in shiga ɗakin marigayiya in ɗauko faifan maciji. Ka tuna shi? Wanda ake rufe akushin Baba da shi, wanda Inna ta taɓa zane ka don ka sheƙe gyaɗa da shi. Inna Saude ta sa yatsa a bakinsa ta ce in duba da idon makaranta. Yaya, na duba. Maciji, sanda, gora, fartanya, kamar yadda muke rerawa muna yara. Sai ga macijin ya zama S, sandar ɗaya, gorar takwas, fartanyar bakwai. S 187, sau huɗu kewaye da faifan, da baƙar kaba a kan fara! Na zauna daɓas a ƙasa. Shekara ashirin muna ci a gindinsa, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Inna Saude ta ce Innarmu ba ta taɓa sanin cewa lambar rubutu ce ba. Ita dai kullum Baba zai kama hanyar Funtuwa, sai ta leƙa ta kafar danga, kuma abin da take gani na motar bayanta ne kawai yana yin nisa. Ta ɗauka shaida ce irin wadda ake yi wa dabba don kada ta ɓata. Sai ta haddace ta da ido, ta saƙa ta a faifai, tana rufe tuwonsa da shi ko yana can wata uwa duniya, wai don mota ta san inda abincin mai ita yake ta dawo da shi. Ba ta taɓa gaya masa ba, don kunya.

Lawwali ya tafi ofis da faifan a hammata. Ya ce akawai sun taru suna dariya, har babbansu ya buɗe wani tsohon littafi. Sai dariya ta ɗauke. Ga sunan Baba, ga Nahuce, ga lambar inji daidai da wadda ke jikin motar. Aka ce tunda motar ce dai, lambarta tata ce. Wani Baturen kamfani da ke wurin ya ce a ƙasarsu ana rububin tsofaffin lambobi irin wannan, ya tambaya ko za a bar masa. Lawwali ya ce ya yi haƙuri, gadon uwa ne. Mai fenti a kasuwa ya rubuta ta da fari a kan baƙi, faifan na jingine a gabansa.

Ranar Talata da hantsi muka koma. Wannan karon Baba bai ko kalli ƙofa ba, baya ya nufa. Ya daɗe a tsaye. Ya sunkuya ya bi lambar da yatsa, sannan ya juyo ya ga faifan a hannuna. Ya dubi allo, ya dubi faifai, ya sake duban allo. Yaya, ka san tunda muka tashi ba mu taɓa jin sunan Inna a bakinsa ba, sai dai ya ce mutanen gida. Ran nan a gaban kowa ya kira ta, ya ce Hajjo, ashe tana leƙe. Ya karɓi faifan ya rungume, ya buɗe ƙofar gaba da kansa, ya ce wa Lawwali ya tuƙa a hankali don ba ta son garaje. Har muka wuce Bungudu tsofaffi na fitowa suna ɗaga hannu, suna cewa ga Dogo ya dawo. Ni dai ban ga hanya ba don hawaye.

Likita ya cire yatsu biyu, amma ƙafa ta tsira. Ya ce da an ƙara mako ɗaya da ba haka ba. Alhamdu lillahi. Baba yana asibiti har yanzu, kuma ba ya taɓa abinci sai an rufe da faifan nan an buɗe a gabansa. Shekaranjiya ya kira ni da sunana, ya ƙirga mu da yatsa, ya ce saura Uwaisu. Ban san kwana nawa wannan hasken zai yi ba, Yaya. Goro ba zai ƙare a Kumasi ba. Ka taho.

Inna Saude tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana bin ka bulala ɗaya saboda gyaɗar nan. Manu da Lawwali suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Aishatu, ka shafa kan Halima da Buba. In ka sauka a tashar jirgin Gusau kada ka tambayi kowa hanya, ka duba maciji da sanda da gora da fartanya, muna ciki.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Wasila.