Gidan da Na Zauna a Cikin Barci

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Na dawo gida Yerimaram. Ɗinkin cikina na ja. Maigida, Malam Kyari, ya ce bayan tiyatar hanjin kwanaki na yi a ɗakin kulawa ta musamman, inji na yi mini numfashi, ana ɗura mini maganin barci ta jijiya, fari kamar nono. Ni kuwa ban yi barci ba. Ina wani gida a unguwar Bolewa, mai koren ƙyaure, ni da 'yata Fanna.

Laraba, 8 ga Mayu
Ba mu taɓa haihuwa ba. Na sani.

Talata, 14 ga Mayu
Na faɗa wa likita. Ya ce maganin kan sa haka, mutum ya ga abin da babu, zai wuce. Ban gaya masa na san ƙamshin gashin Fanna ba, da wushiryarta, da yadda take ƙin kuɓewa. Ɗazu na zuba abinci kwano uku. Malam ya dubi na ukun, ya rufe shi.

Juma'a, 17 ga Mayu
Malam na masallaci na hau keke. Ni na riƙa nuna wa mai keken hanya, a unguwar da ban taɓa shiga ba. Ga ƙyauren nan. Wata tsohuwa ta fito, na gaishe ta, na tambayi yarinya. Ta ce ita kaɗai ce a gidan. Sai ta kalli yadda nake dafe da ciki.
"Ke ma daga asibitin?"
Wai bara wani bafulatani ya zo neman ɗansa. Na ce mata, ina yake yanzu? Ta ce in sha ruwa in tafi gida.

Asabar, 25 ga Mayu
Fuskar Fanna ta fara ɓace mini. Malam na murna ina cin abinci.

Litinin, 3 ga Yuni
Likita ya ce wani gefen ɗinkin ya saki ta ciki. Ana iya sake aiki, ana iya jira. Ni da na rantse ba mai ƙara yanka ni, na ce a yi. Malam ya ce, "Murjanatu, ba dole ba ne." Na ce gara a gama.
Ban tambayi maganin barcin da za su sa ba. To, na tambaya, sau ɗaya.
Ba wani abu ba ne. Kitso nake yi wa Fanna aka tashe ni, rabin kai na bari a tsefe.