Gashin 'Yar Fara

Auta,

Sallama da gaisuwa, ke da yaran. Tela maƙwabcina ke rubutawa, tunda ni aka cire daga makaranta aka kai gareji don ke ki zama likitar dabbobi. Ban manta ba, amma ba shi ya kawo ni ba.

Matata na asibiti, an yi mata aikin ƙugu. Ta bar min zomanyarta, 'Yar Fara, 'yar wata bakwai, wadda take goyo kamar jika. Ran Talata na ga tana tsige gashin ƙirjinta tana tarawa a akwati. Na ɗauka ƙazuwa ce, na share gashin tas na ƙone, na wanke akwatin. Da safe na tarar da 'ya'ya shida a kan katako, tsirara, sun sandare.

Da na je dubiya ta tambaye ni ko an haihu, na ce shida, lafiya lau. Auta, tun da aka kwantar da ita ban ga ta yi dariya ba sai ranar. Sai bayan sati biyar za a sallame ta. Shi ya sa na ari namiji wurin mai gyaran keke na haɗa shi da 'Yar Fara washegari, don ta haifi wasu kafin matata ta dawo. Ki faɗa min kwana nawa suke ɗauka. Wa'azi kuwa ki riƙe abinki.

Yayanki.

Yaya,

Na amsa sallama, Allah Ya ba ta lafiya. Gashin nan shimfiɗar 'ya'yanta ce, da shi take rufe su, sanyi ne ya kashe su. Da ka tambaye ni da na ce ka bar ta ta huta sati uku ko huɗu. Yarinya ce, wata bakwai, jikinta bai mayar ba. Ciki a kan ciki yana iya tafiya da ita.

Kwana talatin da ɗaya ne. Ka ƙara mata ciyawa da dusa, kada ruwa ya yanke. In ta fara tsiga, ka maida hannunka aljihu. Kuma ka gaya wa matarka gaskiya tun tana kwance. Ko in zo?

Ƙanwarka, da girmamawa.

Auta,

Gaisuwa. Kada ki zo. Bikin 'yata ba ki zo ba, sai na zomo? Shekara arba'in ina kwance inji ina ɗaurawa, dabba mai kunne biyu ba za ta gagare ni ba.

Sai dai ta rame. Ƙashin bayanta kamar haƙoran zarto, cikin ne kawai ke gaba. Jiya ta juya wa dusa baya, ganyen karas ɗaya ta ci. Ina zama gaban kejin tun hantsi ina ƙirga numfashinta, in ta yi shiru sai in buga ƙarfen don in ga ta motsa. Tela ya ce ni ma na rame, na ce ya rubuta abin da aka sa shi.

Ita kuma mai ita duk ta raɗa wa shidan suna. Ta ce in bar mata baƙin da ke cikinsu, in ba mai shara a ɗakinsu guda biyu. Likitanta ya ce ɗokin ganinsu ne ke sa ta tashi ta taka da sanda kullum. Na buɗe baki zan faɗa, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ashe kai ma ka iya reno." Na yi mata sallama na taso.

In 'Yar Fara ta mutu, da wane bakin zan yi bayani? Akwai allurar da ake yi? Ki rubuto sunanta kawai.

Yayanki.

Yaya,

Babu allurar da zan aiko ban ga dabba ba. Ka jiƙa dusar, ka daina buga mata keji, tsoro kake ƙara mata. In ta shiga akwati kada ka leƙa sai ta fito da kanta. Allah Ya raba lafiya.

Ƙanwarka.

Auta,

Gaisuwa. Ta shiga akwatin tun jiya da safe, har yanzu ba ta fito ba, ruwan ma yana nan yadda na zuba. Ina jin wani ɗan motsi a ciki, ban san ko nata ne ko nasu ba. Sau uku ina kai hannu kan murfin ina janyewa.

An ce in zo in ɗauki matata gobe da la'asar. Direban da ya kawo miki wannan zai juyo da safe, na sa ya ajiye miki kujerar gaba. Ki zo ki buɗe, Auta. Ni ba zan iya ba.

Yayanki.