Ranar da 'Yan Ajina Suka Yi Gardama

Matameye, Laraba, biyar saura kwata na yamma, dawowata ke nan daga lakwal, wato makaranta.

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya cin rani, ya zafin Legas, ya abokan zama? Inna da yara suna lafiya.

Albishirinka! Bincikena kan yadda ɗalibai ke karɓar abin da suka karanta, wanda na ji tsoron zai mutu, ya farfaɗo. Sati uku ina neman ra'ayinsu, amsar ɗaya ce: "Yana da kyau, Mushe." A ganinsu rashin kunya ne a kushe littafi gaban Mushe, wato malami.

Yau muka karanta labarin wani ɗan cin rani da ya dawo gida bayan shuka, na ce su tattauna da Hausa maimakon Faransanci. Rakiya, 'yar Dungu, ta miƙe: "Mushe, marubucin nan bai taɓa noma ba! Babana ko a mafarki ya ga hadari, sai tasha." Gardama ta kaure har aka buga ƙararrawa ba su ji ba. Shafi shida na cika.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida Malam Ila.

Abin da ban sani ba tukuna: Hausar ce ta buɗe bakinsu ko labarin, ko gobe za su sake, ko kai ma ka fara neman mota.

Ƙanenka,
Habibu