Ƙafar Mama ta yi shiru

Yaya Mutinta,

Na zo wanka na tarar kina barci. Na koma asibiti.

An yi wa Mama allurar kashe jijiya a gindin cinya. Ihun da take yi tun da ta faɗi ya tsaya, har ta sha kunu. Amma ƙugun yana nan a karye, ciwon kawai allurar ta ɓoye.

Yanzu ta ƙi tiyatar gobe. Cewa take, "Ƙafar da ba ta ciwo, me za a yanka a cikinta? Ku mayar da ni Gwembe, masarata na jira." Kawu Hamoonga ya biye mata, har ya kira mai mota. Likita ta ja ni gefe ta ce tsohuwar da aka kai gida haka, da wuya ta sake tashi.

Kina farkawa ki je ki tare Kawu, ke kaɗai yake jin nauyi. Kada motar nan ta iso asibiti.

An ce zuwa yamma allurar za ta sake ta. Allah ya yafe mini, Yaya, ciwon nake jira ya dawo.

Nchimunya